Laftanar da Ba Ta Iya Tsawa Ba

In ka tara mutanen garinmu Montería kaf, daga masu kwale-kwalen bakin kogin Sinú har masu tallan kifi, da ƙyar za ka tsinci mutum biyar da suka iya magana a hankali. Haka Allah ya yi mu. Baƙo in ya ji muna gaisawa sai ya fara neman inda zai raba faɗa. To, a wannan garin ne aka sami Dilia Montiel, matar da in ta ce maka ina kwana sai ka matso da kunne ka ce, "Na'am?"

Ba haka aka haife ta ba, aiki ne ya cinye mata murya. Ta kusa shekara ashirin tana nas a ɗakin bakwaini, inda jarirai ke kwance cikin kwalba, wani ma bai fi tafin hannunka ba. A ɗakin nan ba a jan kujera, ba a buga ƙofa, cokali in ya faɗi sai kowa ya dafe ƙirji. Da farko takan ajiye muryarta a bakin ƙofa in za ta shiga, ta ɗauki abarta in ta fito. A kwana a tashi ta manta da ita a can. Mijinta Eulogio, mai gyaran babura, yakan yi alfahari da cewa duk unguwarsu shi kaɗai ne matarsa ke wanke shi tas maƙwabta ba su sani ba.

Shiga soja kuwa, Yadith Cogollo ce ta ja ta. Yadith ƙawarta ce tun makarantar koyon jinya, tana aiki a ɗakin taimakon gaggawa, ita kuma in ta yi raɗa a hawa na ɗaya daga hawa na uku ake amsa mata. Ita ta zo da labarin cewa soja na ɗaukar masu sana'a a matsayin hafsoshin ko-ta-kwana. Ranakun aiki kana asibitinka, Asabar da Lahadi ka zura kaki a koya maka fareti, in an tashi shiga ƙauyukan bakin kogi yin allura da awon masu ciki a sa ka a jirgi. Albashi babu, kakin ma kai za ka ɗinka wa kanka. Eulogio ya ce wannan ai wahala ce aka yi mata kwalliya. Dilia dai ta je, aka ɗora mata anini ɗaya a kafaɗa. Ranar da ta fara ganin kanta a madubi cikin kaki ta yi ta juyi har shinkafa ta kama a tukunya.

Anini na biyu bai ba ta wahala ba. Mace ce da ta karɓi haihuwa a cikin jirgi ana zabga ruwan sama, ta ɗauki akwatin allurai a ka ta ratsa taɓo har gwiwa ba ta ce uffan ba. Na ukun ne, na zama kyaftin, ya zo da rigima.

Kanar Quintero, shugaban barikin, mutumin can kan duwatsu ne, inda sanyi ke hana mutane dariya. Yana da wata al'ada tasa ta kansa: ba ya yarda a ba kowa kyaftin sai ya ga mutum ya tsaya a fili, a gaban jama'a, ya ja fareti da bakinsa. "Kyaftin shi ke jan tawaga zuwa ƙauye," in ji shi. "Ranar da kogi ya yi fushi, in ba a jin muryarsa, wa za a bi?" Tsakani da Allah maganar tana kan hanya, shi ya sa ma ta fi ciwo.

Bara Dilia ta gwada. Kai, Allah ya raba mu da abin kunya! Ta fito tsaf, takalmi na ƙyalli, ta tsaya gaban rundunar ma'aikatan lafiya, mafi yawansu nas-nas ne sai 'yan likitoci tsilla-tsilla, ta ce a juya dama. Layin gaba suka ji suka juya. Na tsakiya suka ga alamar an ce wani abu, suka yi canki suka juya hagu. Na baya kuwa ba su ma san an fara ba. Da ta ce a taka, likitan haƙori ya gwara goshi da mai ba da magani, hular ɗayansu ta gangara har gaban masu badujala. Jama'a suka yi ta dariya har da masu faɗowa daga benci.

Bayan an watse Kanar ya kira ta gefe. "Laftana Montiel, aikinki a kogi ba ni da abin cewa. Amma sau ɗaya ya rage miki. In aka maimaita abin yau, ki riƙe biyun nan da kyau, da su za ki tsufa."

Ita kuwa tana son aninin nan, ba wani ɓoye-ɓoye. Tana son sa har cikin ranta. Duk rayuwarta ita ce wadda ake cewa, "Ai Dilia ba ta da matsala," sannan a ɗauki abin da ya dace da ita a miƙa wa mai baki. Wannan karon ta ce ko ana ha-maza ha-mata sai ta ji an kira ta kyaftin.

Don haka da faretin bana ya gabato, ta je ta sami Samanja Berrío. Shi sojan gaske ne, ba na ƙarshen mako ba, ya tsufa a daji, kuma in ya daka tsawa a bariki kajin ƙetaren kogi ne ke watsewa. Ya yarda zai riƙa fita da ita bakin kogi da yamma in ta tashi daga aiki, ƙarƙashin manyan itatuwan nan da birai ke shawagi a kai. Yadith ma ba a gayyace ta ba, amma kullum tana nan zaune a kan saiwa tana cin soyayyar agada.

Ranar farko Dilia ta ja numfashi, ta ce, "A ƙame."

Samanja ya dube ta, ya dubi kogi. Ya girme ta a kaki nesa ba kusa ba, amma ita ce hafsa, don haka sai da ya haɗe ƙafa kafin ya yi magana. "Ranki ya daɗe, ba raini ba, wannan ba umarni ba ne. Aron gishiri kika zo."

"Samanja, iyakar ƙarfina ke nan."

"Ban yarda ba, ranki ya daɗe. 'Yar Montería ce ke, muryar tana nan, barci take yi. Kuma ba daga maƙogwaro ake ɗauko ta ba, daga ƙasan cibiya ne. Kin ga mai jirgin fito can a ƙetare? In bai waiwayo ba, ba ki ce komai ba."

"Ke, ki ɗauka Eulogio ne ya wanke ƙarafan babur a tukunyar miyarki!" in ji Yadith da agada cike da baki.

"Ai ya taɓa yi."

"To me kika ce masa?"

"Na ce kada ya ƙara."

Samanja ya cire hula ya share fuska da ita.

Haka suka yi ta fama mako bayan mako. Ya sa ta kwanta rigingine ya ɗora mata bulo a ciki ta yi numfashi. Ya sa ta yi haushin kare, masu yawon shan iska na tsayawa kallo. Mai jirgin fito dai ko a jikinsa, yana ta jan igiyarsa yana kai mutane yana dawowa. Har Yadith ta fara cewa ko dai kurma ne, a je a bincika.

Ana saura 'yan kwanaki fareti, Dilia ta zo da sabuwar hular da ta saya musamman don ranar, tana so ta gwada tsawa da ita a ka ko za ta ba ta ƙwarin gwiwa. Zafi ya ishe ta, ta cire ta ajiye a kan benci. Kafin ka ce kwabo wani jan biri ya diro, ya sure hular, ya kama hanyar reshe.

"KAI! AJIYE TA, ƊAN BANZA!"

Birin ya saki hula kamar ya taɓa garwashi. Tsuntsaye suka tashi fuu daga itace. Can a ƙetare mai jirgin fito ya saki igiya ya waiwayo, ya ɗaga hannu biyu sama yana tambayar me ya yi. Yadith ta ƙware da agada, sai da aka bubbuga mata baya. Dilia kanta waige-waige ta shiga yi tana neman wanda ya yi ihun.

"Ita ce!" in ji Samanja, yana tsalle da tsufansa. "Ita ce, ranki ya daɗe! Kada ki bari ta koma! Ba ni umarni, maza!"

"A ƘAME!"

Samanja ya ƙame, ƙwalla ta cika masa ido. Wani mai sayar da kofi da ke wucewa ma ya ƙame da butocinsa. Wayyo daɗi! Dilia ta ji kamar an buɗe mata tagar da ta shekara ashirin a rufe. Ta juyar da Samanja dama, ta juyar da shi hagu, ta taka shi har bakin ruwa ta tsayar. Yadith na rawa tana guɗa. Da rana ta faɗi Samanja ya ce, "To ya isa haka, ranki ya daɗe. Yanzu a bar ta ta huta sai ranar. Sabuwar murya kamar sabon takalmi ce, ba a yin doguwar tafiya da ita."

Ina! Wanzami ba ya son jarfa. Matar da kullum ke ce wa masu jego su huta, ita ba ta huta ba. Ta isa gida ta ƙamar da Eulogio a bakin ƙofa da kwanon abinci a hannu. Ta ba kare umarni, ta ba kaji. A banɗaki tana wanka tana jan fareti. Maƙwabta suka fito suna tambaya ko baƙuwa aka yi, Eulogio na washe baki yana cewa, "Matata ce! Tawa ce, wallahi!" Washegari ma daga asibiti ba ta zame ko'ina ba sai bakin kogi, ita kaɗai, tana ta gwada wa mai jirgin fito, don tsoro take kada muryar ta gudu in ta bar ta.

Ranar fareti da safe ta farka, ta cika ƙirji za ta tashi Eulogio da tsawa. Iska ce kawai ta fito. Ta sake gwadawa, sai wani ɗan siririn sauti kamar na tayar da ƙusa ta huda.

Eulogio ya diro daga gado. Ya kawo zuma, ya kawo lemon tsami, ya daka citta, ya matse jar albasa, ya ɗiga giyar rake a kai, wai haka kakarsa ke yi wa mawaƙa. Dilia ta shanye tana hawaye. Yadith ta iso cikin kaki a bayan ɗan acaɓa, ta ce ta buɗe baki, ta haska da fitilar waya, ta ja tsaki.

"Kin kashe kanki, ƙawata. Maƙogwaron nan ja wur yake. Ke ma kin sani, ba yau ba, ba gobe ba. Tashi mu je mu gaya wa Kanar ba ki da lafiya."

Dilia ta girgiza kai. Ta san Kanar. Ba zai ce ƙarya take yi ba, zai dai dube ta ya ce Allah ya sawwaƙe, shi ke nan an rufe maganar. Ta jawo Yadith ta raɗa mata a kunne, "Gara in sha kunyata a tsaye a fili da a ce na ɓuya."

"Taurin kai dai kamar na jaki," in ji Yadith, amma ita ce ta durƙusa ta ɗaure mata igiyar takalmi.

A bariki Samanja na jin raɗarta ya ɗaga kai ya kalli sama, ya daɗe yana kallo. "Ranki ya daɗe, da ana aron murya da na cire tawa na ba ki. Ki dai buɗe baki sosai. Sauran sai Allah."

Filin fareti ya cika maƙil. Rana ta take kamar tana da tsohuwar gaba da mu. Iyalai sun zo da lema da kujerun roba, yara na guje-guje, masu tallan ƙanƙara mai zaƙi na kaɗa ƙararrawa, masu badujala na gwada ƙahoninsu kowa da inda ya dosa. Ga kuma babban baƙo, Janar guda daga babban birni, mai tumbi da fara'a, an zaunar da shi a rumfa kusa da matar magajin gari. Abin da ya ɓata lamarin, an bar lasifikar da ke gabansa a kunne. Shi bai sani ba, kuma ba wanda ya isa ya gaya masa. Yana ba matar labarin wani alfadari da ya taɓa kayar da shi a daji yana ƙaramin hafsa, duk filin na sha tare da ita.

Aka kira Laftana Montiel. Ta taka ta fito, ta sara wa Kanar, ta juya ta fuskanci rundunarta. Ga su nan jere, mutanen da ta sha shiga jirgi da su, ta sha raba musu ruwa da burodi a ƙauye. Ga Yadith a layi na biyu. Ga likitan haƙori, bakinsa na motsi, da alama addu'a yake yi wa goshinsa.

Ta ja numfashi daga ƙasan cibiya kamar yadda aka koya mata. "A ƙame."

Ita kanta da ƙyar ta ji. Ba wanda ya motsa. Layin gaba suka ɗan miƙo wuya, suna kallon leɓenta. Daga cikin jama'a wani mara kunya ya ɗaga murya, "To, an fara! A riƙe huluna!" Dariya ta fara tashi nan da can. Dilia ta ji zufa na gangara ta bayan wuyanta, ta ji aninin nan na uku yana zamewa daga hannunta tana ji tana gani. Ta hango Kanar ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ta sake buɗe baki. Daidai lokacin Janar ya kai inda alfadarin ya watsar da shi a taɓo, ya fashe da dariya, lasifika ta ɗauka ta watsa wa duniya.

Abin da ya biyo baya, na rantse ba shiri aka yi ba. Duk wanda ya zauna da nas ya san halin. In tana kasa kunne tana neman bugun zuciya wani ya yi surutu a bayanta, bakinta ke yin aiki kafin kanta ya sani, ko wane ne kuwa. Rundunar nan kaf, suna tsaye cikin kakin soja a tsakiyar fareti, suka juya kai wajen rumfa a tare, suka haɗe gira, wasu har da yatsa a leɓe.

"Shhhhhh!"

Janar ya tsaya baki buɗe, rabin dariyar a maƙogwaro. Shi ma ɗan Adam ne, an taɓa kwantar da shi a asibiti. Ya ja bakinsa ya rufe, har da gyara zama. Matar magajin gari ta rufe baki da mafici. Mai babban ƙaho ya sauke ƙahonsa a hankali. Masu ƙanƙara suka damƙe harshen ƙararrawa. Iyaye suka toshe bakin 'ya'yansu, shirun ya bi benci-benci har ya kai bakin ƙofar bariki. Jama'a, a Montería fa! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin garin nan ya yi tsit haka ba. Har igiyar tuta ana jin tana bugun sanda.

Dilia ta tsaya a cikin shirun, sai ta ji hankalinta ya kwanta. Ai nan gidanta ne. A irin wannan shirun take aiki kullum.

"A ƙame," ta raɗa.

Rap! Ƙafafu suka haɗu kamar na mutum ɗaya. Mutanen da ke jin canjin numfashin majinyaci daga ƙarshen baranda, raɗa a fili mai shiru ai wasa ce a wurinsu.

"A juya dama."

Suka juya, layin gaba da na tsakiya da na baya, ba wanda ya yi canki.

"A taka."

Suka taka. Masu badujala sun manta da cewa aikinsu ne su busa, don haka ba ka jin komai sai takalma, rap, rap, rap, da 'yar siririyar muryar nan tana bi ta samansu. Ta kai su ƙarshen fili, ta juyo da su, ta raba su biyu ta sake haɗewa. Ta wuce da su ta gaban rumfa, ta ce ido dama, idanu suka koma dama. Samanja Berrío na tsaye a gefe ya cusa hula a baki don kada ihu ya ƙwace masa. Eulogio ya haye kan kujera yana naushin iska, ba sauti. Da ta ce a tsaya, suka tsaya cak a daidai inda suka fara, hular kowa na kansa.

Jama'a suka cika baki da ihu za su saki, sai suka ga Kanar Quintero na saukowa daga rumfa, fuskar nan ja wur, Janar na biye da shi. Kowa ya haɗiye nasa.

Kanar ya tsaya gaban rundunar. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi ban tsoro. "Sojan da ke cikin sahu ko tari ba ya yi. Wa ya ce wa Janar ya yi shiru?"

Sai yanzu abin da suka aikata ya faɗo musu. Ka ga idanu sun raina fata.

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji Yadith.

"Ni ce," in ji wata daga baya.

"Ni ma har da yatsa, ranka ya daɗe," in ji likitan haƙori.

Dilia ta dubi mutanenta. Ga aninin ya zo har bakin kafaɗa, ga shi zai tafi, kuma zai tafi da mutanen da suka rufa mata asiri. Ta taka gaba ta sara. "Ranka ya daɗe, ni ke jan su. In akwai laifi, nawa ne."

Kanar bai ji ba, don muryar ta ƙara dushewa. Janar ne ya matso, ya sunkuyo da kunnensa, ta maimaita. Ya ƙare mata kallo, sannan ya tambaye ta, shi ma cikin raɗa, bai ma san ya koma raɗa ba, "Laftana, a wane ɗaki kike aiki?"

"Ɗakin bakwaini, ranka ya daɗe."

"Na ga alama." Ya gyaɗa kai. "Duk ƙasar nan a asibiti kaɗai ake rufe mini baki. Na ɗauka in na shigo bariki na tsira." Ya juya wajen Kanar, har yanzu yana raɗa. "Kanar, ka ce mini kyaftin kake nema wanda za a ji muryarsa. Ni dai daga can sama na ji ta, ba kalmar da ta wuce ni. Kai fa?"

Kanar ya dubi rundunar, ya dubi Dilia. Mutum ne mai tauri, amma ba ya ƙarya. "Na ji ta, ranka ya daɗe," ya ce. "Kuma na ga sun bi ta." Ya sa hannu a aljihu ya ciro aninai. "Ina mijinta?"

Wayyo, filin nan kamar zai tsage! Duk ihun da aka haɗiye ya fito lokaci guda. Eulogio ya tsallake benci biyu, ya taka ƙafar wata tsohuwa, ya iso yana haki. Janar ya maƙala anini a kafaɗar dama, Eulogio ya kama ta hagu, garin zumuɗi har ya soki yatsansa, mutumin da ke kwance injin babur ido rufe. Dilia na tsaye ƙam, hawaye na zuba, ba ta share ba don ba a ce a huta ba. Daɗi kamar ya kashe ta.

Kanar ya ɗaga hannu, hayaniya ta lafa.

"Kyaftin Montiel."

Sai da ya sake faɗa kafin ta gane da ita ake.

"Ladabi dai ladabi ne. Rundunarki ta yi surutu a cikin sahu, a gaban babban baƙo. Aikinki na farko, ki hukunta su. Su zagaye filin nan da gudu har sai na ce ya isa."

Ta juya ta dube su. Rana ta kai tsaka, ƙasa na tururi. Akwai masu jikoki a cikinsu, akwai masu ciwon gwiwa, kuma ba don su ba da yanzu tana hanyar gida da aninai biyu. Zuciyarta ta karye. Sai ta ga Yadith ta kashe mata ido, likitan haƙori na ta murmushi kamar shi aka ƙara wa girma.

"A juya hagu," ta raɗa. Suka juya. "Da gudu, a taka."

Suka zuba. Dilia ta danna sabuwar hularta ta zauna daram, ta ɗaga ƙafa.

"Kyaftin, ke ba kya ciki," in ji Kanar.

Ta juyo ta sara masa da kyau, ta faɗi wani abu da ba wanda ya ji, ta kwasa da gudu. Ta wuce layin baya, ta wuce na tsakiya, ta shige gaba inda mai jan tawaga ke tsayawa. Sai a sannan masu badujala suka tuna da ƙahoninsu, suka saki wani kiɗan rawa da ba shi da alaƙa da soja ko kaɗan. Jama'a suka miƙe suna tafi, yara suka bi gefen fili suna tsere da su, Eulogio na biye a baya da jarkar ruwa yana kiran sunanta. Kanar ya buɗe baki zai hana, ya ga Janar na kaɗa ƙafa, ya fasa.

A zagaye na biyu Yadith ta matso kusa da ita, tana haki kamar za ta shiɗe, kakinta ya jiƙe sharkaf.

"Kyaftin," ta ce, "ranki ya daɗe, don girman Allah ki rage gudu. Wasunmu fa daga aikin kwana muka fito."

Dilia ta waiwayo, fuska duk hawaye da zufa, tana dariyar da ba ta da sauti. Ba ta rage ba.